Yadda Ake Faɗaɗa Shirin da Ya Yi Nasara da Kuɗin Masu Ba da Tallafi na Ƙasashen Waje

A shekarar 2012, yaran da aka ba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a duk faɗin Afirka ba su wuce dubu 200 ba. A 2023 sun kai kusan miliyan 53, kuma fiye da rabinsu a Najeriya suke. Mazaunin Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ya san aikin ko da bai san sunansa ba. Da zarar ruwa ya kankama, sai a ga mutum biyu suna bi gida-gida da jaka da kati, suna tambayar yaran da ke tsakanin wata 3 da wata 59.

Ba mai ba da tallafi ɗaya ne ya ɗauko wannan aiki daga farko har yau ba. Masu bincike ne suka fara gwada shi a ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso. A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi a yankin Sahel, saboda gwaje-gwajen sun nuna yana hana kusan kashi 75 cikin 100 na kamuwa da zazzaɓin. A 2013 ƙungiyar Malaria Consortium ta fara shi a Katsina da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta fara a wasu gundumomin kudancin Nijar, ciki har da Magarya da Madawa. Daga nan Unitaid, wata hukumar ƙasa da ƙasa mai tallafa wa samar da magunguna, ta zuba dala miliyan 67 aka kai shi ƙasashe bakwai. Bayan ita sai Asusun Global Fund, mai yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da masu ba da gudummawa ta hanyar GiveWell, ƙungiyar da ke tantance ayyukan agaji ta nuna wa masu bayarwa inda kuɗinsu zai fi amfani, suka ɗauki mafi yawan nauyin.

Kowane ɗayan waɗannan kuɗaɗe tambaya ɗaya aka biya shi ya amsa. Na farko: abin zai yiwu? Na biyu: da gaske yana aiki? Na uku: nawa yake ci a kan kowane yaro, kuma zai yi aiki idan ya bar hannun waɗanda suka ƙirƙiro shi? Na ƙarshe: wa zai ci gaba da biya? Mai ba da tallafi ba girman ƙungiyarku ne ya dame shi ba, amsar tambayar da ke gabansa yake saye. Ƙungiyoyinmu da yawa a nan suke tuntuɓe, su kai amsar tambaya ta farko wurin mai jiran amsar ta uku, sannan a ce an nuna musu wariya. Ga yadda za ku bi abin daki-daki.

Mataki na 1: Ku gane matakin da shirinku yake

Asusun da aka kafa musamman don irin wannan aiki hawa-hawa suke ba da kuɗi. Asusun Global Innovation Fund da aka buɗe a 2014, mai hedikwata a Landan, yana ba da har dala dubu 230 ga ƙaramin gwaji, har dala miliyan 2.3 ga shirin da za a auna tasirinsa sosai, sannan har dala miliyan 15 ga wanda ya isa faɗaɗawa. Faransa ta buɗe nata asusun a 2021, wanda ake kira FID, ƙarƙashin shugabancin masaniyar tattalin arziki Esther Duflo: yuro dubu 50 na shiri, dubu 200 na gwaji, miliyan 1.5 na aunawa, miliyan 4 na faɗaɗawa. Wanda ya fara wannan tsari shi ne sashen DIV na USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, sashen da aka kafa a 2010, wanda masanin tattalin arziki Michael Kremer yana cikin waɗanda suka assasa shi. Wannan ƙofar ta rufe tare da USAID a 2025.

Ku zauna ku faɗa wa kanku gaskiya. Idan abin da kuke da shi shi ne ƙauyuka goma, da hotuna, da yabon hakimi, to a hawa na farko kuke, ko da kun shekara bakwai kuna aikin. Tsawon shekaru ba ya ɗaga ku sama, hujja ce ke ɗagawa. Neman kuɗin hawa na uku daga nan ɓata lokaci ne, kuma yana sa mai duba takardu ya riƙe sunanku a matsayin waɗanda ba su san kan aikin ba.

Mataki na 2: Ku samar da hujjar da wani daban ya auna

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne aka fi gudu.

Rahoton da ke cewa "mun horar da mata 3,000" ba hujjar tasiri ba ne, lissafin abin da kuka yi ne kawai. Tambayar mai ba da tallafi ita ce: me ya canja a rayuwar matan, kuma ta yaya aka san ba zai canja ba ko da ba ku zo ba? Wataƙila damina ce ta yi kyau a shekarar. Wataƙila matan da suka zo horon dama can su ne masu ƙwazon garin. Shi ya sa ake neman rukunin kwatance, wato wasu ƙauyuka ko makarantu ko asibitoci masu kama da naku waɗanda ba a kai musu shirin ba, a auna su lokaci ɗaya da naku, kafin farawa da kuma bayan gamawa. Mafi ƙarfin hujja ita ce wadda aka raba wuraren ta hanyar ƙuri'a, domin kada son rai ya shiga zaɓen.

Akwai misali a gida. Ƙungiyar New Incentives tana ba uwa ɗan kuɗi kaɗan duk lokacin da ta kawo jaririnta allurar rigakafi a asibitin gwamnati. Kafin ta bazu, sai da aka ɗauko wata ƙungiyar bincike mai zaman kanta, IDinsight, ta auna shirin daga 2017 zuwa 2020 a asibitoci sama da 160 na Katsina da Zamfara da Jigawa. An raba asibitocin da ƙuri'a, kusan rabi da shirin, rabi babu. Da sakamako ya nuna yaran da ake kai wa allura sun ƙaru sosai a wuraren da ake ba da kuɗin, GiveWell ta sa ƙungiyar cikin jerin waɗanda ta fi ba da shawarar a tallafa wa a ƙarshen 2020, kuma daga nan ne shirin ya shiga wasu jihohin Arewa. Ku lura da tsarin: an tsaya shekara uku ana jiran sakamako, da sanin cewa idan ya fito ba daɗi, kuɗin ba zai zo ba.

Ba kowace ƙungiya ke da halin irin wannan babban bincike ba, amma ga abin da kowa zai iya:

Ku fara tattara bayanai kafin ku fara aiki a sabon wuri. Wanda bai auna yaro ranar da ya shigo shirin ba, ba shi da bakin cewa ya ƙara nauyi. Ku zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a iya ƙirgawa, kamar yawan yaran aji huɗu da za su iya karanta sakin layi da Hausa, ko buhun gero nawa kadada ta ba da, ku tsaya a kansu. Ku nemi malamin jami'a da ya san aikin ƙididdiga, a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, ku ƙulla yarjejeniya a rubuce cewa shi zai riƙe bayanan kuma zai wallafa sakamakon ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba. Idan aikin ya shafi lafiyar mutane, ku nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya tun kafin a tambayi mutum ɗaya, domin binciken da ba shi da wannan izini ba ya karɓuwa a ko'ina.

Sannan kada masu raba kayan su zama su ne masu auna nasarar. Ma'aikacin da albashinsa ya rataya a kan adadi zai kawo adadi mai kyau, kuma ba sai ya zama maƙaryaci ba kafin hakan ta faru.

Wata gajeriyar hanya ita ce ku ɗauki abin da aka riga aka tabbatar a wani wuri. Tsarin koyar da yara gwargwadon matakin da suke, ba gwargwadon ajinsu ba, ƙungiyar Pratham ce ta ƙirƙiro shi a Indiya, kuma an auna shi sau da dama. Zambiya ta gwada shi a makarantu 80 a 2016, sannan aka kai shi kusan makarantu 1,800 da tallafin DIV. A Kano an gwada shi a Wudil da Dawakin Tofa daga 2019. Mai ɗaukar irin wannan shiri ba sai ya sake tabbatar da tushensa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna cewa malaman wurinsa za su iya yi, kuma yaran suna ci gaba.

Mataki na 3: Ku fitar da kuɗin da shirin ke ci a kan kowane mutum

Ku tara duk abin da aka kashe a shekara, ku raba da yawan mutanen da suka amfana da gaske, ba waɗanda aka rubuta sunansu ba. Duk abin da aka kashe na nufin har da albashin shugaban ƙungiya, da man mota, da hayar ofis, da lokacin ma'aikatan gwamnati da kuka yi amfani da su, da ƙimar lokacin 'yan sa-kai. Abin da kuka samu kyauta a ƙauyuka goma sai an biya shi a ƙauyuka dubu.

Da aka yi wannan lissafi ga maganin damina a 2016, an samu cewa zagaye huɗu na shekara suna cin kimanin dala 3.63 a kan kowane yaro. A Nijar dala 2.71 ne, a Gambiya kuwa ya kai dala 8.20. Wannan adadi ne ya buɗe manyan ƙofofi, domin mai riƙe da dala miliyan 10 yana iya zama da biro ya lissafa yara nawa zai kare, ya kwatanta da gidan sauro ko wani aikin daban.

Ku yi lissafin sau uku: a girman da kuke yanzu, a ninki goma, da a faɗin jiha. Wasu kuɗaɗen suna sauka idan aiki ya girma, kamar farashin kayan da ake saye da yawa. Wasu hawa suke, domin ƙauyukan da suka rage su ne na nesa, na bayan gulbi, na inda tsaro ya taɓarɓare. Mai duba takardar da ya ga kun rubuta cewa komai zai yi arha ya san ba ku taɓa kai kaya ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ba.

A ƙarshe ku ɗora adadin kusa da abin da gwamnatin jiharku ke kashewa a kan kowane ɗalibi ko kowane mara lafiya. Idan shirinku ya ninka wannan sau biyar, babu kwamishinan da zai karɓe shi, komai kyansa.

Mataki na 4: Ku rage shirin har sai wanda bai san ku ba ya iya yin sa

Ƙaramin shiri yakan yi nasara ne saboda mai shi yana tsaye a kai. Ya san kowane mai unguwa, yana kwana a ƙauyen, idan matsala ta taso da dare a wayarsa ake kira. Wannan ba ya ninkuwa. Saboda haka ku raba aikinku gida biyu: abin da idan aka cire shi tasirin ya tafi, da abin da ado ne. Ku riƙe na farko, ku rubuta shi a shafi biyu ko uku da harshen da mai takardar sakandare zai karanta ya aikata.

Dubi yadda aka tsara maganin damina. Fakiti iri biyu ne kacal, ɗaya na jarirai daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara, ɗaya na masu shekara ɗaya zuwa wata 59. Mai rabawa ya yi sallama, ya tambayi shekarun yaro, ya tambaya ko yana da zazzaɓi yanzu ko maganin ya taɓa yi masa illa. Mai zazzaɓi ba a ba shi, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Mai lafiya kuwa a narkar masa da ƙwayoyin ranar farko a ɗan ruwa, a sha a gaban mai rabawa. Idan ya yi amai cikin rabin awa, a sake ba shi sau ɗaya. Ƙwayoyi biyu da suka rage a bar wa uwa, ɗaya gobe ɗaya jibi, a cika kati, a yi alama a bangon gida, a wuce gaba. Bayan kwana 28 a dawo. Masu shela su sanar kafin zuwan, wasu zaɓaɓɓun iyaye mata kuma su zaga suna tuna wa maƙwabta maganin rana ta biyu da ta uku. Aikin da za a koyar cikin 'yan kwanaki ke nan, shi ya sa dubban mutane ke iya yin sa lokaci guda.

Bayan kun rage, sai ku miƙa shirin ga wasu su gudanar a wurin da ba ku da kowa, ku sake aunawa. Abin da ya faru a Bangaladash ya isa izina. Wani bincike da aka fara a 2008 ya nuna cewa idan aka ba talakan ƙauye ɗan kuɗin mota ya tafi birni cin rani a lokacin yunwa, iyalinsa suna samun ƙarin abinci. Ƙungiyar Evidence Action ta ɗauki shirin ta faɗaɗa, amma da aka sake aunawa a 2017 sai aka ga bai ƙara yawan masu tafiya ba. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne ma'aikatan da aka ɗora wa adadin da za su cika sun fi ba da kuɗin ga waɗanda dama za su tafi ko babu shi. A 2019 aka rufe shirin, bayan wasu matsalolin gudanarwa sun ƙaru a kan wannan. Tunanin bai canja ba, hannun da ya riƙe shi ne ya canja. Ni a ganina ƙungiyar ta cancanci yabo da ta bayyana sakamakon a fili, domin da ta ɓoye, da wasu sun ci gaba da zuba kuɗi a rami.

Mataki na 5: Ku duba ko kayan aikin za su wadatar

Lokacin da aka fara faɗaɗa maganin damina, kamfani ɗaya ne tak a duniya, Guilin na ƙasar Sin, yake yin sa da ingancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kuma a 2015 an yi ƙarancinsa. Wani ɓangare na aikin Unitaid shi ne gyara kasuwar: a tattara buƙatar ƙasashe domin kamfani ya san yawan da zai yi, a samar da ƙwaya mai narkewa da yara za su iya sha, a kuma taimaka wa kamfani na biyu ya shigo, wanda ya zama S Kant na Indiya. Ku yi wa naku shirin wannan tambayar. Idan iri ne, wa zai samar da tan ɗari kafin shuka? Idan littafi ne, wace maɗaba'a? Idan malamai ne, su wa za su horar da masu horarwa?

Mataki na 6: Ku shigo da wanda zai gaji aikin tun ranar farko

Hanyoyin da shiri ke ɗorewa bayan tallafi ba su da yawa. Ko gwamnati ta sa shi a kasafinta, ko masu amfana su riƙa saye a kasuwa, ko jama'a su ɗauke shi su yaɗa da kansu. Na ukun ya faru a Maraɗi, inda sassabin zamani, wato barin kututturan itatuwa su tofo a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke, ya tashi daga ƙoƙarin da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara a 1983 ya bazu daga manomi zuwa manomi har ya kai kusan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ya yiwu shi ne ba ya buƙatar komai sai wuƙa da sani, kuma manomi yana ganin ribar da idonsa. Idan shirinku irin wannan ne, kuɗin da kuke buƙata na rediyo ne da ziyarar manoma ga juna, ba na manyan ofisoshi ba. Amma lafiya da ilimi, a ƙarshe gwamnati ce.

Kuma manyan kuɗaɗen ta hannun gwamnati suke bi. Bankin Duniya gwamnati yake ba rance ko tallafi, ba ƙungiya ba. Shirin AGILE na karatun 'yan mata ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai, ciki har da Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, aka ƙara masa dala miliyan 700 a 2023 don ya shiga wasu jihohin. Ƙungiyar da ke son shirinta ya shiga irin wannan, ofishin aikin na jiha za ta nema. Global Fund kuwa zangon shekara uku-uku yake ba da kuɗi, kuma buƙatar ƙasa tana fitowa ne daga kwamitin haɗin gwiwa na ƙasa, inda gwamnati da ƙungiyoyin farar hula da wakilan masu fama da cututtukan suke zama tare. Abin da bai shiga tsarin dabarun ƙasa ba da wuya ya shiga wannan buƙata. Saboda haka ku san lokacin da ake sabunta tsarin ɓangarenku, ku kasance a ɗakin da hujjarku a hannu.

A matakin jiha, ga abin da ke aiki. Kada ku tsaya ga kwamishina kaɗai, domin shi mai wucewa ne. Ku nemi babban sakatare da daraktan tsare-tsare, bincike da ƙididdiga, su ne ke nan bayan zaɓe. Ku sa jami'an ma'aikatar cikin zaɓen abin da za a auna, su bi ku filin aiki, sunansu ya fito a rahoton. Ku yi amfani da ma'aikatansu da fom ɗinsu da rumbun ajiyarsu ko da naku ya fi sauri, domin tsarin da kuka gina a gefe ranar da kuka tafi zai mutu. Ku rubuta takardar yarjejeniya mai faɗin abin da kowa zai kawo da watan da zai kawo shi.

Daga nan sai ku bi layin kasafin kuɗi. Ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu ne watanni kafin gwamna ya kai kasafin majalisa a ƙarshen shekara, don haka wanda ya zo a Disamba ya makara. Samun layi a kasafi ma rabin tafiya ne, sakin kuɗin shi ne sauran rabin. Kowa ya san yadda kuɗin UBEC, hukumar ilimin firamare da ƙaramar sakandare ta tarayya, ke zama jibge a Abuja saboda wasu jihohi ba su biya nasu kason ba. Masu ba da tallafi ma sun sani, shi ya sa yanzu shaidar sakin kuɗi suke tambaya, ba kwafin kasafi ba. Naira miliyan 20 da jiha ta saki da gaske ta fi alƙawarin miliyan 500 nauyi a wurinsu.

Sun kuma ƙirƙiro dabarun jawo gwamnati a hankali. Gavi, ƙawancen duniya mai tallafa wa alluran rigakafi, tana sa ƙasashe mafi ƙarancin kuɗin shiga su biya senti 20 na dala a kan kowace allura, kason yana ƙaruwa yayin da tattalin arzikin ƙasa ke ƙaruwa, har ta ɗauki nauyin duka. Najeriya an tsawaita mata wa'adin ɗaukar nauyin duka zuwa 2028. Asusun abincin yara na UNICEF yana ɗora kwatankwacin abin da gwamnati ta saka wajen sayen abincin tamowa. Bankin Duniya yana da tsarin biya bayan sakamako, kamar shirin ceton rayuka miliyan ɗaya na 2015 mai dala miliyan 500, inda jiha ta riƙa samun kuɗi gwargwadon ci gaban da aka auna. Ku tsara buƙatarku da irin wannan gangara: shekarar farko mai tallafi ya ɗauki kusan duka, kason gwamnati yana hawa kowace shekara.

Mataki na 7: Ku gyara takardunku kafin a tambaya

Kafin a saki babban kuɗi sai an binciki ƙungiya ciki da waje. A Najeriya ku tanadi rajistar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da shaidar kuna miƙa bayanan shekara-shekara, da takardar SCUML, wato sashen hana halatta kuɗin haram, da lambar haraji, da rahoton odita na waje na aƙalla shekara biyu ko uku. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu. Kwamitin amintattu ya zama mai zama da gaske, da rubutaccen bayanin taro, ba mata da ƙanne da suruki ba. A samu rubutacciyar ƙa'idar sayen kaya, da ta kare yara da mata daga cin zarafi, da hanyar kai ƙorafi. Rasit ɗin da ya ɓace yau zai iya hana ku kuɗi bayan shekara uku.

Idan ba ku kai nan ba tukuna, ku shiga a matsayin ƙaramin abokin aiki ƙarƙashin babbar ƙungiya. Sai dai ku tabbatar yarjejeniyar ta ambaci sunanku a kan tsarin da kuka ƙirƙiro, ta kuma ba ku damar amfani da bayanan da aka tara.

Mataki na 8: Rubuta buƙata da cinikin sharuɗɗa

Yawancin asusun suna fara da gajeriyar takarda ta shafi kaɗan. Ku sa abu biyar a cikinta bi da bi: matsalar da girmanta, abin da kuke yi a jimla biyu, hujjar da wanda ya auna ta, kuɗin kowane mutum, da wanda zai biya bayan tallafin ya ƙare. Ku faɗi abin da bai yi aiki ba da yadda kuka gyara. Mai dubawa ya karanta ɗaruruwan takardun da babu aibi a cikinsu, kuma ya daina yarda da su.

Idan an kira ku ciniki, ku kula da abu huɗu. Na ɗaya, kuɗin kashi-kashi ake saki, kowane kashi a ɗaure da wani mataki, don haka kada ku yarda da matakin da ba a hannunku yake ba, kamar ranar da majalisa za ta zartar da doka. Na biyu, ku nemi kuɗin gudanarwa na gaskiya. Ƙungiyar da ta ninka aikinta sau goma da akanta ɗaya tana kiran bala'i ne. Na uku, canjin kuɗi. Dala ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma waɗanda aka ƙulla musu yarjejeniya da naira sun ga kasafinsu ya narke. Ku nemi a rubuta da kuɗin mai bayarwa, ko a sa sharaɗin sake duba kasafi. Na huɗu, lokaci. Aikin da ya rataya a kan damina ko zangon karatu ba ya jiran sa hannun wani a Turai. Ku rubuta ranar ƙarshe da kuɗi zai iso, da abin da za a yi idan ya wuce ta.

Mataki na 9: Ku faɗaɗa zango-zango, kuna aunawa

Kada ku tashi daga ƙaramar hukuma ɗaya zuwa jiha gaba ɗaya. Ku ƙara uku ko biyar, ku sa mai wahala a ciki da gangan, ku duba, sannan ku ƙara. Maganin damina ma haka ya bi: a ƙarƙashin tallafin Unitaid an nufi yara sama da miliyan 3 a 2015, sai a 2016 aka ninka. Bayan kowane zagaye masu bincike na daban suna komawa gidajen da aka zaɓa da ƙuri'a su tambayi iyaye su duba kati, saboda adadin da masu rabawa ke kawowa yakan zarce na gaskiya. Ku ware wa irin wannan bibiya kuɗinta a kasafi, ku kuma amince tun farko da adadin da idan aka faɗo ƙasa da shi za a dakata a gyara.

Sannan kada ku jingina da bango ɗaya. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa 1 ga Yuli an rufe USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak a tsakiyar zango. Birtaniya ta rage nata daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar za ta sauko 0.3 nan da 2027. Tun kuna shekarar farko ta babban tallafi ku fara neman mai tallafi na biyu daga wani gida daban, gidauniya idan na farkon gwamnati ce. Ku rubuta tsarin ko-ta-kwana mai nuna abin da za a ci gaba da yi idan rabin kuɗin ya yanke: waɗanne ƙananan hukumomi, waɗanne ma'aikata, wane ɓangaren aikin ne ba za a taɓa ba. Ku ba ma'aikatar kwafi, ku zauna da daraktan ku sake duba shi kowace shekara kafin a fara haɗa kasafi.